Ɗan uwanku na Amurka ba mugunta yake muku ba

Jama'a, a daina zagin mutanen da ke Amurka da cewa sun samu wuri sun manta da 'yan uwa. Mutum ya cike wa ƙaninsa fom ɗin I-130 shekara takwas da suka wuce, har yau shiru, sai dangi su ce ai da ma bai tura ba. Ya tura! Layi ne, kuma doka ce ta kafa shi.

Ɗan ƙasar Amurka idan ya nema wa matarsa, iyayensa ko 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 21 ba, babu ƙayyadadden adadi, jiran aikin ofis ne kawai. Amma wa da ƙani, ya da ƙanwa, rukuninsu daban, F4, kuma biza 65,000 kacal aka ware musu a shekara, duk duniya fa. Shi ya sa jiran yake haura shekara 15. Mai girin kad kuwa ko damar nema wa ƙaninsa ba shi da ita, sai ya zama ɗan ƙasa.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne ejan-ejan da ke karɓar kuɗi wai za su "taɓa fayil" ya yi sauri. Wane fayil? Ranar da aka karɓi fom ɗinka ita ce gurbinka a layi. Duk wata Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka tana fitar da Visa Bulletin, ka duba ko an iso ranarka. Wani watan ta matsa, wani watan ta tsaya cak, wani lokacin ma ta koma baya. Lambar rasit ɗinka, haruffa uku da lambobi goma, ka sa ta a shafin USCIS ka ga inda aka kwana. In an miƙa wa NVC, sai ka koma CEAC. Dubawar kyauta ce, da wayarka.

Kuma ko an iso kanka siyasa na iya rufe ƙofa, kamar yadda Trump ya dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya a 2020, sai 2021 Biden ya janye. Ejan ɗin da ya karɓi kuɗin gonarka, a ranar me ya iya yi? Ku ce wa ɗan uwanku ya turo hoton rasit ɗin, ku duba da kanku.