Tsautsayi ko Sakaci? Tsokaci a kan Suɗaɗɗiyar Tayar Baya

Duk wanda ya tsaya a inuwar da ake ajiye babura a bakin tsangaya, ya bi tayoyinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, zai ga abin da zai tayar masa da hankali. Da yawa daga cikin tsofaffin baburan da malamai da ɗalibai ke hawa, tayarsu ta baya ta suɗe kamar tafin hannu, wata ma har zaren cikinta ya fara leƙowa. A kan irin wannan taya ne magidanci ke goya uwargida da jariri, ɗalibi kuma ya goya abokinsa zuwa cikin gari. Ranar da aka faɗi, sai a taru a asibiti ana jajantawa, ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Ya kamata ɗalibin nahawu ya lura da yadda ake ba da labarin irin wannan faɗuwa. Akan ce "taya ta fashe", ko "babur ya zame", ko kuma "babur ya kayar da shi". A jimloli biyun farko, aikatau ƙi-karɓau ne, ba a ambaci mutum ba sam. A ta uku kuwa, babur ne aikau, mai shi ya koma karɓau, wato wanda aka zalunta. Ta haka harshe yake wanke mai babur daga laifi, alhali kuwa tayar ta yi watanni tana yi masa gargaɗi a fili.

Dalilin da ya sa tayar baya ta fi saurin cinyewa ba ɓoyayye ba ne. Ita ce sarƙa ke juyawa ta tura babur gaba, kuma a kanta mafi yawan nauyin mahayi da goyo da kaya ke sauka. Zanen da ke jikinta ba don ado aka yi shi ba. Hanya ce da ruwa ke bi ya fice daga tsakanin roba da kwalta. Idan zanen ya shafe, ruwan farkon damina da ya gauraya da ƙura da baƙin mai ya isa ya raba taya da ƙasa. A bazara kuma, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, siririyar roba ba ta iya tare ƙusa ko ƙaya. Tsofaffin babura, alal misali Honda C70, daga zuriyar Super Cub da aka fara ƙerawa a Japan a 1958, tayarsu mai tib ce. Irin wannan taya in ta huje, iskarta kan fice kusan a lokaci guda, sai bayan babur ya shiga lilo, mahayi ya rasa yadda zai yi.

Masu kare wannan ɗabi'a sukan kafa hujja da rashin kuɗi, kuma ba za a ce hujjar ba ta da tushe ba. Tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Ikeja a 2008, kasuwar taya ta dogara ƙwarai ga abin da ake shigowa da shi daga waje, farashi kuwa sai ya bi canjin kuɗi. Amma fa araha ba ta ado. Wanda ya tara kuɗin facin da yake biya mako bayan mako, ya haɗa da kuɗin ɗori da magani, da zangon karatun da karaya kan cinye, zai ga cewa sabuwar taya ita ce mai sauƙin.

Sayen ta gwanjo ma ba mafita ba ne, domin roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Tun daga shekarar 2000, ana buga ranar haihuwar taya a gefenta da lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Shawarar kamfanin Michelin ita ce a riƙa duba taya kowace shekara idan ta kai shekara 5 ana amfani da ita, a kuma sauke ta idan ta cika 10, kome kyan zanenta.

Bugu da ƙari, canjin taya aiki ne mai ƙa'ida, bai kamata mai babur ya miƙa wa mai faci ya tafi shan shayi ba. Wajibi ne girman sabuwar ya dace da wanda kamfani ya ƙayyade. Na bayan C70, misali, 2.50-17 ne. Tsohon tib da ya sha faci bai cancanci komawa cikin sabuwar taya ba. A duba robar da ke rufe kawunan wayoyin wili, don kada su huda tib daga ciki, a kuma kula kada liba ta cije shi wajen sawa. In akwai alamar kibiya a gefen taya, ta fuskanci inda wili ke juyawa. Bayan an mayar da wili, sai a daidaita shi ta ɓangarorin biyu, a bar wa sarƙa ɗan sako-sako, a sake gyara birkin baya, sannan a ɗaure noti tam. Kwanakin farko kuma a tafi a hankali, domin sabuwar roba tana da santsi.

Daga ƙarshe, babu mai musun ƙaddara, amma Bahaushen da ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, shi ne kuma ya ce rigakafi ya fi magani. Wanda ya ga zane ya shafe ya kau da kai, ya hau ya kuma ɗauki ran wani a bayansa, bai kamata a ce babur ya kayar da shi ba. Jimlar da ta dace da shi ita ce: shi ya kayar da babur.