FILASTAR INJI KO TA HANNU? A YI LISSAFI KAFIN A BA DA JINGA

Duk inda 'yan ƙungiyarmu masu hulɗa da Tamanrasset suka zauna, in an gama maganar farashi da kuɗin mota da halin da hanya take ciki, sai zancen gini ya shigo. Ba abin mamaki ba ne, don kuwa ɗan kasuwa in Allah Ya buɗa masa, abin da ya fi kwanta masa a rai shi ne ya adana ribarsa a bango, ko gidan zama, ko shago, ko sito, ko ɗakunan haya. To, a cikin zancen ginin nan akwai tambaya guda da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wato shin injin fesa filasta da ake gani a manyan gine-ginen Aljeriya ya fi shafen hannu da muka saba da shi riba? Wasu a can suke ginin. Wasu kuma sun ga injin ne ya ba su sha'awa, suna tunanin su saya su sauko da shi Arlit ko Agadas ko Maradi ko Katsina su riƙa ba da haya.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, injin nan lokaci yake saya wa mutum, ba inganci ba. Wanda lokaci ke jawo wa kuɗi, kamar mai babban gini da yake jiran 'yan haya, injin zai biya shi. Wanda kuwa ɗaki biyu ko shago ɗaya yake da shi, ko ginin ƙasa, to ya riƙe magininsa hannu bibbiyu. Ga dalilanmu.

Da farko dai bari mu bambance abubuwa biyu da ake cakuɗawa. Akwai 'yar akwatin nan da ake murzawa da hannu tana watsa ruwan siminti a bango ya fito da ƙuraje-ƙuraje, wadda masu jin Faransanci ke kira tiroliyen. Wannan tsohon abu ne, ado ne kawai da ake yi a bayan gida, ba ita muke nufi ba. Wanda muke nufi shi ne inji mai mazurari a sama inda ake zazzage buhun garin filasta, ya haɗa shi da ruwa da kansa, ya tura kwaɓin ta cikin doguwar tiyo, iska ta feshe shi a jikin bango. Kamfanonin Jamus irin su PFT da Putzmeister su ne suka yi suna wajen ƙera shi. Mutum ɗaya na zuba gari, ɗaya na riƙe da bakin tiyo, biyu kuma na biye da su da dogon ƙarfen daidaitawa da cokali.

A lura da mutum biyun nan na ƙarshe, don a nan maganar take. Inji ba ya miƙar da bango, ba ya fitar da kusurwa, ba ya gyara bakin taga. Aikinsa kawai ya ɗora kwaɓi a bango da sauri. Daidaitawa da gogewa da duk abin da ido zai gani ya yaba, har gobe hannu ne ke yin su. Saboda haka in wani ya ce maka filastar inji ta fi ta hannu kyau, ka tambaye shi wane ne ya bi bayan injin. Gwani ya bi, ta yi kyau. Ɗan koyo ya bi, za ka ga tudu da kwari kamar kunyar gona.

Ba za mu tauye wa injin haƙƙinsa ba. Masu sayar da shi suna cewa yana ninka aikin hannu sau biyu ko uku a yini, kuma a kan dogon bangon bulo maras yawan lungu, maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Na biyu, kwaɓinsa iri ɗaya ne daga safe har yamma, ba kamar kwaɓin ƙasa ba da lebura in ya gaji sai ya ƙara ruwa, ko ɗan kwangila maras tsoron Allah ya rage siminti ya ƙara yashi. Na uku, ƙarfin feshin yana sa kwaɓin ya kama bango sosai, kuma abin da ke zuba ƙasa ya lalace ba shi da yawa. Na huɗu, in da garin jibsi ake aikin, wato farin garin nan da mutanen Nijeriya suka sani da fi'ofi, ba a bukatar a bi bango da ban-ruwa bayan an gama. A garin da ruwa yake da daraja irin Tamanrasset, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aljeriya kuwa tana da arzikin jibsi, kamfanin Knauf ma yana da masana'antarsa a Fleurus kusa da Oran.

To amma fa Oran a bakin teku take, Tamanrasset kuwa tana tsakiyar duwatsun Hoggar. Daga Aljiyas babban birni zuwa Tamanrasset tafiyar kusan kilomita 2,000 ce, kuma kowane buhu sai ya biya kuɗin motarsa. Mu da muka san abin da direban tirela ke karɓa, bai kamata a yi mana wayo a nan ba. Bari mu ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, faɗi mita 4, tsayi mita 3. Bangonsa huɗu murabba'in mita 48 ke nan, in an cire ƙofa da taga a ce 45. In da hannu za a shafe shi, ana auna siminti 1 yashi 5, kaurin santimita ɗaya da rabi, buhun siminti mai kilo 50 yana rufe kimanin murabba'in mita 10. Ke nan buhu 5 ya ishe shi, wato kilo 250, yashi kuwa ga shi nan a kori. In da jibsin inji ne, kowane murabba'in mita yana cin wajen kilo 10 a kaurin santimita ɗaya, ɗakin zai ci kilo 450 ko fiye. In kuwa haɗaɗɗen garin siminti ne da aka riga aka gauraya da yashinsa a masana'anta, ɗakin nan guda zai ci wajen tan ɗaya. Jama'a, mu duba da kyau: mutum ya biya mota ta ɗauko masa yashi daga arewa ta kawo masa cikin Sahara! Wannan ai shi ne kai gishiri Bilma.

Za a ce mana akwai injin da ke karɓar kwaɓin siminti da yashin gida. Haka ne, akwai. Sai dai shi ma yana da sharaɗi, dole a tankaɗe yashin tsaf, don tsakuwa ɗaya tana iya toshe tiyo ta tsayar da aiki, kuma yashi mai kaifi yana cinye robar cikin famfon injin, wadda ita ce zuciyarsa. In ta cinye, a ina za a samo wata? Wanda ke Tamanrasset sai ya jira ta zo daga arewa. Wanda ya sauko da injin Agadas ko Maradi kuwa, jiransa ya fi haka tsawo, ga ma'aikata zaune ana ciyar da su.

Bayan wannan ga wuta da ruwa. Manyan injinan suna bukatar lantarki mai layi uku, wanda ba kowane fili ne yake da shi ba, in babu sai an haɗa da babban janareto. Ruwa kuma so suke ya riƙa zuwa da ƙarfi ba yankewa, don da zarar ƙarfinsa ya ragu, kwaɓin zai canza. Gaskiya ne tun shekarar 2011 da aka jawo ruwa daga In Salah, tafiyar kilomita 750, garin ya sami sauƙin ƙishirwa da ya daɗe yana fama da ita. Amma wanda filinsa ke bayan gari inda bututu bai kai ba, ruwan tanka zai saya, kuma kowace yamma sai an wanke injin da tiyonsa tas, in ba haka ba kwaɓi ya daskare a ciki, an yi asara. Magini da cokalinsa kuwa, duro biyu da inuwar da zai ajiye butarsa sun ishe shi.

Daɗin daɗawa, inji ba ya canza yanayin gari. Tamanrasset tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,400, iskarta busasshiya ce ƙwarai, ruwan sama ɗan kaɗan ne, da hunturu kuma sanyin dare yakan kai ga ruwa ya nemi daskarewa. Filastar siminti, ko inji ya fesa ta ko hannu ya jefa, in ba a jiƙa bango kafin a fara ba, ba a kuma bi ta da ruwa safe da yamma har kamar mako guda ba, za ta tsattsage. Hasali ma haɗarin ya fi yawa ga inji, domin a yini ɗaya yana shimfiɗa bangon da ya fi ƙarfin yaron da aka ba aikin ban-ruwa. Sauri ya haifi nawa ke nan. Shi kuma jibsi na cikin ɗaki ne kawai. Ba ya shiri da laima, saboda haka kada wanda ya yarda a sa masa shi a bayan gida, ko makewayi, ko garka, ko bangon da dabbobi za su riƙa goga jiki suna fitsari a gindinsa.

Yanzu sai ginin ƙasa, wanda a nan ba mu ga abin jayayya ba. Tsohuwar Tamanrasset da tubali da jar ƙasa aka gina ta. Ɗan sansanin da Bafaranshe Charles de Foucauld ya gina da tubalin ƙasa a 1916 yana nan tsaye. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27, wadda asalinta tun 1515 ne aka kuma sake gina ta a 1844, yaɓen hannu ne ya riƙe ta har hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. A ƙasar Hausa ma iyayenmu sun san makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina, da yaɓen da ake cuɗawa da ciyawa da kashin shanu. Hikimar ita ce, bangon ƙasa yana shan laima yana fitar da ita, kuma yaɓen ƙasa yana barin sa ya yi hakan. In aka lulluɓe shi da siminti, laimar sai ta maƙale a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana ka ga fallen siminti ya ɓallo kamar ɓawon itace. Fesa shi da inji ba ya hana wannan, sai dai ya gaggauta kashe kuɗin. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai kuma maganar da ta fi kuɗi nauyi a wurinmu, wato 'ya'yanmu da ƙannenmu. Kowa ya san da yawa daga cikin masu ɗaukar kwanon kwaɓi da masu riƙe cokali a gine-ginen Tamanrasset samari ne daga Zinder da Maradi da Tahoua da arewacin Nijeriya, kuma da wannan guminsu ake cika rumbu a gida in damina ta yi gardama. Aikin da inji ya fara cinyewa shi ne nasu, wato kwaɓawa da ɗauka da jefawa. Tun daga Disamba 2014 da aka fara kwashe 'yan Nijar daga Aljeriya ana mayar da su gida ta Assamaka, ɗan kwangila ba shi da tabbacin leburan da ya ɗauka jiya zai gan su gobe, kuma duk mai irin wannan fargaba dole inji ya ba shi sha'awa. Ba za mu yaudari kanmu mu ce za a iya tare wannan da tsinuwa ba. Abin da za a iya shi ne a fahimtar da yaran nan cewa inji yana korar mai ƙarfi ne, ba ya korar mai sana'a. Wanda ya iya daidaita bango da fitar da kusurwa, ya kuma koyi kunna injin da wanke shi da canza robarsa, ɗan kwangila ne zai riƙa neman sa. Wanda ya shekara biyar yana ɗaukar kwano bai taɓa cewa maigida ya ba shi cokali ya gwada ba, shi ne ke cikin haɗari.

Saboda haka muna ba 'yan'uwa shawara kamar haka. Wanda ke da babban gini na bulo, a ce ɗaki 20, wato wajen murabba'in mita 900, ga wuta ga ruwa, yana kuma son ya fara karɓar haya da wuri, ya kira masu inji, amma ya yi jinga da su a kan kowane murabba'in mita, kayan aiki da wuta da ruwa duk a rubuce, a san wanda zai biya. Ya kuma nemi su kai shi ya ga aikin da suka yi ya shekara, ya ƙwanƙwasa bangon ya ji ko yana amsa kamar ganga. Ba ma sayen sa sai mun buɗe bakinsa mun ga haƙora, to don me za mu yi cinikin biri a sama a kan gini? Wanda ke da ƙaramin aiki, ko gyara, ko ginin ƙasa, ya nemi magini nagari, ya tsaya a kan awon siminti da ban-ruwa. Wanda kuma ke son sayen injin don haya, ya fara amsa wa kansa tambaya uku: manyan gine-gine nawa ake yi a garinsu a shekara, wa zai gyara in ya lalace, kuma daga ina garin zai riƙa zuwa? In bai da amsa, ya bar kuɗinsa a sana'ar da ya sani. Injin da ke kwance a sito ba ya haihuwa, tsatsa kawai yake yi.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin rassa da iyayen gida da su riƙa jan hankalin samarin da ke hawa arewa cin rani, su dawo da sana'a a hannu, ba kuɗi kaɗai a aljihu ba. Allah Ya sa albarka a cikin abin da muke nema, Ya kuma ba mu ikon gina abin da jikoki za su gada. Amin.