RA'AYINMU: HAƘORAN BABUR DA HAƘƘIN TALAKA

Duk wanda ya san ƙasar Tambuwal da ta Kebbe ya san matsayin babur a wurin mutanenmu. Da an sauka daga babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, aka shiga hanyoyin ƙauye, to babur shi ne jaki, shi ne motar asibiti, shi ne kuma jarin dubban samarin da ke kabu-kabu. A kansa ake kai buhun gero kasuwa, a kansa malamin makaranta ke zuwa aiki, a kansa kuma ake ɗauko mai naƙuda daga rugga da tsakar dare. Saboda haka abin da ya taɓa lafiyar babur ya taɓa lafiyar jama'a, kuma wannan ne dalilin da ya sa muka keɓe shafin nan ga wani ɗan ƙarfe da ba a cika kula da shi ba.

Ƙarfen da muke nufi shi ne faifan nan mai haƙora wanda sarƙar babur ke hawa kansa. Guda biyu ne: ƙarami a jikin inji, babba a jikin tayar baya, sarƙa kuwa ita ke ɗauko ƙarfin inji daga wannan ta kai wa wancan. Yau da gobe haƙoran sukan cinye, su yi tsini, su lanƙwashe kamar bakin lauje, sarƙar kuma ta saki. A ƙasa irin tamu mai rairayi abin ya fi sauri, domin yashi idan ya haɗu da baƙin mai sai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, balle kuma an cire murfin sarƙar an yar, an ɗora wa babur mutum uku da buhu. Ranar da sarƙa ta zame ana cikin gudu, tana iya cushewa ta riƙe tayar baya cak, mahayi da fasinja su sami kansu a ƙasa. In ma Allah Ya kiyaye ba a ji rauni ba, tsayawa da mataccen babur a dajin Kebbe da almuru, a wannan zamani na 'yan bindiga, ba abin wasa ba ne.

Yadda ake gyaran ma abin dubawa ne. Ƙa'idar aikin ita ce a canza sarƙa da faifan biyu a lokaci guda, domin tsohon faifai yakan cinye sabuwar sarƙa, tsohuwar sarƙa kuma takan lalata sabon faifai. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, kayan gyara sun yi tsadar da mai babur kan ce wa bakanike ya yi dabara kawai. Sai a yanke ɗan gaɓa ɗaya a rage tsawon sarƙa, ko a juya faifan a ɗaura shi ta ɗaya fuskar, ko a sayo mafi araha wanda ba a san asalinsa ba. Ba mu ga laifin bakanike ba, abin da aljihun mai kaya ya iya shi ya yi. Sai dai araha ba ta ado, kuma wanda ya yi gyaran rabi sau uku ya biya fiye da kuɗin cikakken gyara.

To, a nan ne ya kamata a rarrabe abu biyu. Akwai cinyewar yau da kullum, wadda nauyinta ke kan mai babur. Akwai kuma aibin da ya taho tun daga masana'anta: faifan da ba a gasa ƙarfensa da kyau ba har haƙoransa suka ƙare cikin 'yan makonni, ko wanda ya tsage daga ramin noti, ko notin da ke kwancewa da kansu a sabon babur. Wannan nauyin maƙera ne da dilolinsu. A ƙasashen da suka ci gaba, idan aka gano irin wannan aibi a wani rukunin ababan hawa, sai a yi musu kiranye, watau a sanar da duk wanda ya saya ya maido a gyara masa kyauta. Amurka ta kafa dokar lafiyar ababan hawa tun cikin 1966, kuma a ƙarƙashinta aka kira miliyoyin motoci saboda jakar iskar kamfanin Takata, har kamfanin ya durƙushe a 2017. Indiya ma, inda baburan Bajaj da TVS suka fito, ta gyara dokarta a 2019 ta ba gwamnati ikon tilasta wa kamfani ya yi kiranye.

Kada mai karatu ya zaci mu ba mu da doka. Muna da ita. A farkon 2019 aka sa hannu kan dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar da aka kafa da dokar soja ta 1992. Dokar ta ba mai saye damar maido da kaya mai aibi cikin wata uku, a gyara masa, ko a canza masa, ko a mayar masa da kuɗinsa. Ta kuma wajabta wa maƙeri ko mai rarrabawa, da zarar ya gano wani haɗari a kayan da ya riga ya fitar, ya sanar da jama'a ya janye su daga kasuwa. Rubutun nan da ake yi a gindin rasit cewa kaya in sun fita ba su dawowa bai fi ƙarfin wannan doka ba. Har wa yau akwai hukumar SON, wadda tun 1971 aikinta shi ne tabbatar da ingancin kaya.

Abin tambaya shi ne, ta wace hanya dokar za ta iso Kuchi ko Sanyinna? Ku dubi yadda babur ke zuwa hannun mai shi. Yakan taso a kwali daga Ikko ko Nnewi ko Kano, ya ratsa hannun babban dila, ya faɗo hannun ƙarami, wani yaro ya harhaɗa shi a gindin itace. Sau da yawa wani mai hali ne ke saye ya ba matashi yana biyan balas, rasit yana aljihun mai kuɗi, babur yana hannun wani. Wani kuma ɗan siyasa ne ya raba a wurin taro, babu takarda ko ɗaya. Bayan shekara an sayar, an sake sayarwa. Kiranye kuwa da lambar gangar jikin babur da adireshin mai shi yake aiki. Ko da kamfani ya yi niyyar gaskiya ya ce a maido, wa zai kira, a wace lamba, da wane harshe? Sanarwar da aka buga da Turanci a intanet ba ta isa kunnen ɗan kabu-kabun Dogon Daji ba.

Ko da ya ji ma, akwai sauran rina a kaba. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kimanin kilomita 100 ne, mutumin Kebbe kuwa tafiyarsa ta fi haka. Zai bar aikin yini, ya sayi mai, ya isa a ce masa kayan ba su iso ba, ya dawo mako mai zuwa. Ko kuma a dubi babur a ce ai bakaniken bakin hanya ya riga ya taɓa shi, garanti ya faɗi. Mun yarda dila yana da hujja idan ya ce ba zai ɗauki nauyin lodin da ya wuce kima ba. Amma ba adalci ba ne a sayar wa mutum babur a garin da babu wurin gyara na kamfani, sa'an nan a hukunta shi don ya je wurin wanda ya samu.

Saboda haka muna kira ga dilolin babura da su riƙa rubuta lambar inji da ta gangar jiki da lambar wayar mai saye a kan rasit da kuma littafinsu, su bayyana sharuɗɗan garanti da Hausa. Kamfanonin da ke cin kasuwarmu su zaɓi makanikai a Tambuwal da Kebbe su horar da su, su amince da aikinsu, su ajiye musu kaya na ainihi. Duk sanarwar kiranye a yi ta da Hausa da Fulatanci a Rediyon Rima da sauran gidajen rediyo, a kuma yi shela ranar kasuwa. Hukumar FCCPC da ta SON su fito daga manyan birane su leƙa shagunan kayan gyara na karkara, inda jabu ya fi samun wurin ɓuya.

Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu su ma suna da babban aiki. Tun da suna karɓar kuɗin tikiti kullum, ba zai gagare su ba su ajiye littafi guda, duk wanda sabon faifansa ya karye a rubuta irin babur ɗin da lambarsa da ranar saye. Mutum ɗaya in ya kai kuka sai a ce ganganci ya yi, amma ashirin masu aibi iri ɗaya a babura 'yan rukuni ɗaya hujja ce da ba a turewa. Ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu kuma ɗalibai, 'yan'uwa, da yawanmu da kuɗin kabu-kabun wani wa ko ƙane aka biya mana rajista. In mun koma gida hutu, mu karanta musu takardun da aka ba su, mu nuna musu inda lambobin suke, mu gaya musu su adana rasit da karyayyen ƙarfen domin shaida, mu taya su rubuta koke zuwa ga dila, in ya ƙi ji a wuce gaba. Wannan bai fi ƙarfin kowane ɗayanmu ba, kuma yana daga cikin bashin da jama'armu ke binmu. Allah Ya kiyaye hanya.