Bafarawa: Ɗan kasuwar da ya mulki Sakkwato, da lissafin da har yau ake gardama a kansa

A majalisun hira na Ƙofar Marke da sauran tsofaffin unguwannin Sakkwato, da wuya a ambaci Attahiru Dalhatu Bafarawa ba a rabu gida biyu ba. Wasu su tuna tituna, wasu su tuna kotu.

An haife shi a 1954 a garin Bafarawa da ke ƙaramar hukumar Isa. Da kasuwanci ya fara yin suna, amma siyasa ba baƙuwarsa ba ce. Ya yi kansila a Isa, ya nemi kujerar Majalisar Wakilai a GNPP a 1979 bai samu ba, ya kuma halarci taron tsarin mulki na zamanin Abacha. A 1999 ya zama gwamna a APP, wadda ta koma ANPP, ya yi shekara takwas.

Magoya bayansa na cewa ya riƙe baitulmali irin riƙon da ɗan kasuwa ke yi wa jarinsa, suna kafa hujja da hanyoyin karkara da aka shimfiɗa a zamaninsa. Ko masu adawa da shi ba su cika musun hanyoyin ba.

Sai dai jiha ba kanti ba ce, mataimakin gwamna kuma ba yaron shago ba ne. Saɓaninsa da Aliyu Magatakarda Wamakko ya kai ga Wamakko ya ajiye muƙami a 2006, ya dawo ya ci kujerar gwamna a PDP a 2007. Shi kuwa Bafarawa ya nemi shugabancin ƙasa a DPP, ya rasa Abuja, jam'iyyarsa ta rasa Sakkwato.

Daga nan aka shiga batun kuɗi. Ya sha nanata cewa ya bar biliyoyin naira a asusun jiha, EFCC kuma ta gurfanar da shi kan zargin almundahanar kusan naira biliyan 15. Sai a 2018 Babbar Kotun Sakkwato ta wanke shi. Hukuncin ya raba gardama a shari'a, amma bai raba ta a majalisa ba, domin talakan Ƙofar Marke bai taɓa riƙe takardar da ke nuna abin da aka bari da bashin da aka gada ba. Kowa ya gaskata wanda yake so.

Wannan giɓin ne ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta toshe, musamman ganin masu hannu da shuni na ci gaba da neman mulki da hujjar sun iya juya kuɗi. A yi dokar da za ta tilasta wa gwamna mai barin gado ya wallafa lissafin asusu, da basussuka, da kwangilolin da ba a kammala ba, wanda Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha ya tantance, kafin ranar 29 ga Mayu. A kuma karanta shi da Hausa a Rima Radio.