Sayar da ruwan jini ba ya kashe bashi

A Amurka, kamfanoni irin su CSL Plasma da Grifols na biyan wanda ya ba da ruwan jininsa, wato filasma, da ake haɗa magunguna da shi. Dokar ƙasar ta yarda a bayar sau 2 a mako, kusan sau 104 ke nan a shekara. A Faransa kuwa ba a biyan ko tamma, kuma ba a wuce sau 24.

Ga ɗan ci-ranin da bashin banki ya shaƙe, ga gida na jiran aike, tayin na da daɗin ji. Ba abin kunya ba ne, domin marasa lafiya da yawa na rayuwa da waɗannan magunguna. Sai dai ƴan dalolin da ake samu, kuɗin ruwa ne kan lashe su, uwar bashi tana nan daram. Yawan bayarwa kuma na rage sinadaran garkuwar jiki, ga gajiya da jiri, musamman ga mai aikin ƙarfi.

Abin da ya fi shi ne a zauna da mai bin bashi a sake tsara biya, sannan a faɗa wa ƴan uwa a Maraɗi ko Damagaram gaskiyar abin da ke aljihu.