Ba Kowane Shinuwa Ke Cin Kare Ba

Ƴan uwa ɗalibai, mu bar wannan shirmen. Da an ji wane ya samu gurbin karatu a ƙasar Sin, sai ƴan fada su kwashe da dariya: "Za ka ci kare da maciji!" Haba!

A kusan kowane birninsu akwai ƙaramin shagon taliyar Lanzhou, masu shi galibi Musulmi ne, ƴan ƙabilar Hui. A gabanka ake jan kwaɓin fulawa da hannu har ya zama taliya, a zuba romon naman sa da man barkono. Alade ko ƙofar ba ya shiga.

Mu da ke jin haushi in Bature ya ce Afirka duk yunwa ce, don me muke yi wa mutum sama da biliyan ɗaya kuɗin goro?