Tsofaffin 'yan ƙwallon Gwarzo da Kabo: Makarantu ne ya kamata su ɗauke su

Salisu Yusuf ya taɓa horar da Kano Pillars, wadda ta ci kofin gasar Firimiyar Najeriya na farko a tarihinta a shekarar 2008. Haifaffen Zariya ne, kuma sai da ya murza leda a Ranchers Bees ta Kaduna da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri kafin ya koma benci. Daga baya ya ci Kofin Tarayya da Enyimba a 2013, ya kuma kai 'yan Super Eagles masu wasa a gida wasan ƙarshe na gasar CHAN a Maroko a 2018. A shekarar ce kuma NFF ta dakatar da shi na shekara guda kan wani bidiyon karɓar kuɗi, duk da ya ce kyauta ce aka ba shi.

Shi dai ya samu hanya daga fili zuwa horarwa. Matashin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana buga wa kulob ɗin unguwa a Gwarzo ko Kabo ba shi da irinta. Ranar da gwiwa ta gaza, sai kasuwa ko acaɓa, abin da ya sani na ƙwallo kuwa ya ƙare a musun majalisa.

A Amurka makaranta ce ke riƙe irin waɗannan. Nick Saban ya buga ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka a Jami'ar Kent State, bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa ba. Jami'ar ta ba shi gurbin ƙaramin mataimakin koci a 1973, ya yi ritaya a 2024 da kofunan ƙasa 7, shida daga ciki a Jami'ar Alabama.

Ba miliyoyin dalolin Alabama ake nema a nan ba. Ƙananan hukumomin biyu za su iya zaɓar tsofaffin 'yan wasa kaɗan, su biya musu kwas ɗin horarwa a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, sannan a raba su makarantun sakandare da alawus na wata. Sharaɗi ɗaya tak: yaron da ba ya shiga aji ba zai shiga fili ba.

Za a ce makarantar da ke neman malamin lissafi ina ita ina koci. Maganar na kan hanya. Amma gwamnatin Kano da ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024 tana fama ne da yaran da ba sa zuwa makaranta, kuma yaron da ke tsallake katanga ya tafi gidan kallon ƙwallo zai iya zama har a tashi idan akwai atisaye da la'asar. Shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo na iya gwadawa da makaranta bibbiyu a zangon karatu mai zuwa.